Shin Yoga Tana Rage Kitsen Jini da Haɗarin Ciwon Zuciya?

Ɗan Gwandu, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman ƙarin haske daga likitoci da malaman jinya da duk wanda Allah ya hore wa sani a kan wannan al'amari. Ni ma'aikacin gwamnati ne, shekaruna sun haura hamsin, kuma na daɗe ina shan maganin hawan jini. A watan jiya likita ya tura ni gwajin kitsen jini, wanda suke kira kolestarol, sakamakon ya nuna cewa nau'in da ake rubutawa LDL ya kai 170, alhali ya ce ga mai irin yanayina an fi son ya sauko ƙasa da 100. Ya rubuta mini atorvastatin, ya ce in riƙa shan ƙwaya ɗaya kullum, in rage maiƙo a abinci, in kuma dage da motsa jiki.

Inda matsalar take shi ne gwiwata ta dama ba ta barina in yi doguwar tafiya, balle gudu, kuma aikina na zaman ofis ne daga safe har la'asar. Da 'yata da take karatu a jami'a ta ji labari, sai ta turo mini wasu bidiyoyi na YouTube inda ake koyar da yoga, wato motsa jikin nan na mutanen Indiya mai haɗe da miƙe gaɓoɓi da sarrafa numfashi, ta ce ta karanta cewa tana saukar da kolestarol da hawan jini, har wasu suna barin magani a kanta. Ni kuwa ba na son shan ƙwaya har ƙarshen rayuwa idan akwai wata hanya. Saboda haka nake tambaya: shin akwai ingantaccen bincike da ya tabbatar da wannan magana, ko dai zancen intanet ne kawai? Idan gaskiya ce, zan iya jinkirta shan maganin in gwada yoga tukuna? Sannan na ji ana cewa asalinta bauta ce ta mabiya addinin Hindu, wannan ma yana damuna ƙwarai. Allah ya saka da alheri ga duk wanda ya taimaka da amsa.

Likita, Gusau

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara lafiya. Yoga tana taimakawa, amma taimakon nata bai kai yadda ake zuzuta shi ba, kuma ba za ta maye gurbin maganin da aka rubuta maka ba. Zan yi bayani dalla-dalla domin ka ga dalili da idonka.

Kolestarol a karan kansa ba guba ba ne. Jiki yana buƙatarsa wajen gina bangon ƙwayoyin halitta, da haɗa wasu sinadarai irin na haihuwa, da ruwan maɗaciya da ke narkar da maiƙo. Mafi yawansa jiki ne da kansa yake sarrafa shi, musamman hanta, abinci ƙaramin kaso yake kawowa, sai dai irin maiƙon da mutum yake ci yana tasiri sosai a kan yadda hanta take kwashe shi daga cikin jini. Shi ya sa za ka ga mutum siriri amma gwajinsa ya fi na mai teɓa muni, domin gado ma yana da nasa hannun a ciki. LDL shi ne mai ɗaukar kolestarol yana zagayawa da shi a jini, kuma idan ya yi yawa sai ya riƙa kutsawa cikin bangon jijiyoyin jini yana taruwa shekara da shekaru, kamar yadda laka take taruwa a bututun ban-ruwa har ruwan ya koma fita da ƙyar. Ranar da wannan tarin ya tsage jini ya daskare a wurin, idan jijiyar zuciya ce sai a sami bugun zuciya, idan ta ƙwaƙwalwa ce sai shanyewar ɓarin jiki. Hawan jini kuma yana raunana bangon jijiyar, ya sauƙaƙa wa LDL shiga, don haka wanda ya haɗa biyun, kamar kai, haɗarinsa ya fi na mai ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, kusan kashi 32 cikin 100 na duk mace-macen duniya, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na wannan adadi a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki ne irin tamu.

Yanzu ga abin da bincike ya nuna. Nazarin da aka fi ambata shi ne wanda masana daga jami'ar Harvard ta Amurka da ta Erasmus da ke Rotterdam a ƙasar Holan suka fitar a watan Disamba na 2014 a wata mujallar ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai. Sun tattara gwaje-gwaje 37 da aka yi a kan mutum 2,768. Da aka kwatanta masu yin yoga da waɗanda ba sa motsa jiki ko kaɗan, an ga LDL ya sauka da kimanin 12 mg/dL (wato ma'aunin da aka auna 170 ɗinka da shi), HDL wanda ake kira mai kyau ya hau da kimanin 3, lambar sama ta awon hawan jini ta sauka da kimanin 5, bugawar zuciya ta ragu da kimanin sau 5 a minti, nauyin jiki kuma ya ragu da kilo biyu da 'yan kai. Ba a ga wani sauyi na a-zo-a-gani a sukarin jini ba. Da aka kwatanta yoga da tafiya da sauri ko tuƙa keke kuwa, ba a sami bambanci mai ma'ana tsakaninsu ba. Su kansu masu nazarin sun ja hankali cewa yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne, na ɗan gajeren lokaci, kuma salon yogar da aka yi ya bambanta daga wannan zuwa wancan.

Sai mu ɗora wannan a kan lambarka. Kana da 170. Idan ka dage da yoga ka sami abin da matsakaicin mutum ya samu a wancan nazari, za ka sauko wajen 158, kuma har yanzu kana nesa da 100. Shi kuwa atorvastatin, ko a matsakaicin ƙarfi, yana rage LDL da kashi 30 zuwa kusan 50 cikin 100, wato zai iya sauko da kai tsakanin 85 da 120. Manyan gwaje-gwajen da aka yi a kan fiye da mutum dubu ɗari sun nuna cewa duk ragin 39 mg/dL da irin wannan magani ya yi yana rage aukuwar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 22 cikin 100. Wannan ita ce tazarar da take tsakanin abubuwan biyu.

Akwai kuma tambayar da ta fi lambobin takarda muhimmanci, wato ko yoga tana hana bugun zuciyar kansa. Gwaji mafi girma da aka yi a kan haka a Indiya aka yi shi, a asibitoci 24, a kan mutum 3,959 da suka riga suka taɓa samun bugun zuciya, aka buga sakamakonsa a 2020. An koya wa rabinsu yoga na tsawon mako 12, sauran aka ba su shawarwarin da aka saba, kuma dukkansu suna shan magungunansu. Bayan an bi su kusan shekara biyu, kashi 6.7 cikin 100 na masu yoga sun rasu ko sun sake samun babbar matsalar zuciya, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 7.4. Wannan bambanci ya yi ƙanƙantar da ba za a iya cewa yoga ce ta kawo shi ba. Abin da aka tabbatar shi ne masu yogar sun fi jin daɗin jikinsu, sun kuma fi komawa harkokinsu na yau da kullum.

Masu tallata yoga suna yawan kawo sunan likitan nan na Amurka, Dean Ornish, wanda a 1990 ya nuna cewa toshewar jijiyoyin zuciya ta ɗan ja baya a cikin shekara guda ga marasa lafiyar da suka bi tsarinsa. Gaskiya ne an yi haka, amma mutum 48 ne kacal a gwajin, kuma tsarin ya haɗa da barin nama, da rage maiƙo zuwa kashi 10 cikin 100 na abinci, da barin taba, da motsa jiki, sannan yoga da natsuwa. Babu mai iya zare yoga ita kaɗai daga cikin wannan haɗi ya ce ita ce ta yi aikin.

Ta yaya take yin ɗan aikin da take yi? Wani ɓangare daga raguwar ƙiba ne da aikin da tsoka take yi. Wani ɓangaren kuma daga numfashi ne: idan mutum ya ja numfashi a hankali ya sake shi a hankali, sashen jijiyoyin da ke kwantar da jiki yana rinjayar wanda ke zaburar da shi, sai bugawar zuciya ta lafa, jijiyoyin jini su saki. Mai yawan damuwa da ƙarancin barci yana iya amfana ta nan sosai. Saboda haka shawarata, Alhaji, ka fara maganinka yau, ka ƙara yoga a kai idan ranka ya kwanta da ita.

Tsohon Malamin Makaranta, Argungu

Likita, Allah ya saka da alheri, ka yi bayani mai gamsarwa. Amma ni a cikin bayanin naka abin da na riƙe shi ne inda ka ce ba a sami bambanci tsakanin yoga da tafiya da sauri ba. To in haka ne, mene ne na zuwa har Indiya aro? Iyayenmu a nan Kabi sun yi noma da fartanya, sun tuƙa kwale-kwale, sun taka da ƙafa daga gari zuwa kasuwa, ba su san wata yoga ba. Mu ne muka mayar da babur ƙafafunmu, har masallacin unguwa sai an hau. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba ya sami aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato rabin sa'a sau biyar, ba ta ce lallai sai wani salo ba.

Kuma ni a ganina, ɗan'uwa Ɗan Gwandu, maganar tana cikin tukunya kafin ta zo kan tabarma. Man shanun da muke kwarara wa tuwo, da manjan da ake cika miya da shi har ya yi iyo a sama, da tsire da balangu da kayan ciki na kowane dare, su ne irin maiƙon da yake daskarewa, wanda likitoci suke cewa yana ɗaga LDL. Kusan rabin manja irin wannan maiƙon ne, man shanu ma ya fi haka, alhali man gyaɗa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Ga kuma gishiri: an ce kada ya wuce giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, amma a gidajenmu ana zuba gishiri a jefa dunƙule uku ko huɗu a miya guda. Allah ya ba mu kifi a Argungu da Yawuri, ya ba mu wake da gero da dawa da kuɓewa da zogale da kuka. Wanda ya gyara tukunyarsa ya taka ƙafarsa, ban ga abin da yoga za ta ƙara masa ba.

Malamar Jinya, Ƙauran Namoda

Baba Malam, maganarka a kan abinci babu abin cirewa a ciki, amma ina roƙon afuwa in saɓa maka a kan ɗaya ɓangaren. Shi mai tambayar ya faɗa tun farko cewa gwiwarsa ba ta barinsa tafiya, kuma irinsa suna da yawa. A ɗakin awon hawan jini, yawancin waɗanda muke gani mata ne da suka manyanta, masu ƙiba da ciwon gwiwa, da yawansu kuma ba sa fita sai da lalura. Idan ka ce wa irin wannan baiwar Allah ta riƙa zagaya gari da sassarfa kowace safiya, za ta ce to, ta tafi gida, ba za ta yi ba, kuma ba laifinta ba ne. Ga halin tsaro da muke ciki a Zamfara, inda fita bayan gari da asuba ko da almuru ba abu ne da za ka ba mutum shawararsa kai tsaye ba. Ga zafin bazara, lokacin da ma'aunin zafi yake haura digiri 40. Abin da ya ba irin wannan motsa jiki daraja a wurinmu shi ne ana yin sa a cikin ɗaki, a kan tabarma, ba kuɗi, ba takalmi na musamman, ba wanda zai gan ka. Sakamakon da Likita ya kawo, cewa yoga ta yi kunnen doki da tafiya, ni ta wannan fuskar nake karanta shi: wanda ba zai iya tafiya ba yana da abin da zai kama.

Alhaji, idan za ka fara, ka nemi darasin da aka shirya domin dattawa ko masu farawa, musamman wanda ake yi a zaune a kan kujera ko ana dafa bango. Ka fara da minti goma zuwa goma sha biyar, da safe kafin rana ta yi zafi, cikinka ba a cike ba, sannan ka riƙa ƙarawa a hankali har ka kai rabin sa'a. Miƙe baya da kafaɗu, da ɗaga ƙafa a miƙe kana kwance ko kana zaune domin ƙarfafa tsokar cinya wadda take tallafar gwiwa, da jan numfashi ta hanci a hankali a sake shi a hankali, waɗannan sun isa a farko. Duk motsin da ya sa maka zafi mai suka a gwiwa ka bar shi, musamman zaman harɗe ƙafafu da ake ɗora kowace a kan cinya.

Akwai abubuwan da mai hawan jini ya kamata ya kiyaye. Kada ka yi tsayuwar da ake kifa kai ƙasa ƙafafu sama, domin tana ƙara matsi a kai da idanu, kuma tana da haɗari ga mai hawan jinin ido da mai ciwon wuya. Kada ka riƙe numfashi kana yunƙuri, domin hakan yana ɗaga jini nan take. Akwai salon da ake yi a ɗaki mai zafin da ya kai digiri 40, wannan ba naka ba ne, kuma yin motsa jiki a ɗaki mai kwanon rufi da tsakar rana a watan Afrilu kusan shi ne. Sannan idan ka gama a kwance kada ka zabura ka miƙe, ka zauna tukuna, domin maganin hawan jini yana iya sa jiri. In akwai hali, ka sa a duba gwiwar a sashen gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi na asibiti, su nuna maka motsin da ya dace da ita.

Almajirin Malamai, Jega

Assalamu alaikum. Ni ba likita ba ne, zan tsaya a kan tambaya ta uku, kuma abin da zan faɗa bai zama fatawa ba. Damuwar Alhaji tana da tushe. Yoga ta taso ne a Indiya a cikin tsarin addini da falsafar Hindu, kuma a asalinta hanya ce ta neman ɗaukakar ruhi, miƙe gaɓoɓin wani sashe ne kawai nata. Daga baya ne ta bazu a Turai da Amurka a matsayin motsa jiki, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 21 ga Yuni, aka fara bikin a 2015.

Malaman ƙasashen Musulmi sun tattauna wannan mas'ala. A 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Maleshiya ta hana Musulmi yin yoga saboda abin da take ƙunsa na rera kalmomin bauta. A farkon 2009 majalisar malaman Indonesiya ta yi bayanin da ya rarrabe: wadda aka haɗa da ibadar Hindu da rera kalmominsu haramun ce, wadda kuwa motsa jiki ne zalla an halatta ta. A Saudiyya kuma, a 2017 hukumomi suka amince da ita a matsayin wasan motsa jiki. Akwai malaman da suka tsananta suka ce a nisance ta gaba ɗaya domin toshe ƙofa, kuma ra'ayinsu abin girmamawa ne.

Abin da na fahimta daga wannan saɓani shi ne inda aka haɗu: Musulmi ba zai rera kalmar "om" da makamantanta ba, ba zai haɗa tafuka ya sunkuya wa wani gunki ko hoto ko malamin yoga ba, kuma ba zai yi jerin motsin nan da aka gina a kan gaisuwa ga rana da niyyar girmama ta ba. Ni da kaina ina ganin barin wannan jerin ya fi, tunda akwai wasu motsin da yawa. Amma miƙe baya, da ƙarfafa cinya, da jan numfashi a hankali, waɗannan ba mallakar wani addini ba ne, kuma ma'aikatan asibiti suna koyar da irinsu kullum ba tare da sun kira su yoga ba. Idan zuciyarka ba ta natsu ba, Alhaji, ka ɗauki motsin da Malamar Jinya ta lissafa ka bar bidiyoyin, kuma ka tuntuɓi malamin da ka amince da iliminsa.

Wani abu kuma da nake yawan gani a Facebook shi ne masu cewa ai salla ma yoga ce, don haka ta wadatar. Salla ibada ce, ana yin ta domin Allah, ba domin kolestarol ba, kuma ga mu muna salloli biyar amma asibitocinmu cike suke da masu hawan jini. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani, don haka shan ƙwayar da likita ya rubuta bai saɓa wa tawakkali ba.

Ɗan Gwandu, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Likita, zan fara maganin. Sai dai wani abokin aikina ya tsorata ni cewa yana sa ciwon jiki kuma yana lalata hanta, kuma wai idan aka fara ba a bari. Ina son sanin gaskiyar wannan, da lokacin da ya kamata in sake gwaji, da yadda zan yi da shi idan azumi ya zo. Sannan idan na gyara abinci na dage da motsa jiki lambar ta sauka, za a iya dakatar da shi?

Likita, Gusau

Alhaji, tsoron abokin aikinka sananne ne, kuma yana da ɗan tushe, amma an kambama shi. Wasu suna jin ciwon tsoka, musamman a cinyoyi da kafaɗu. Sai dai wani babban nazari da aka buga a 2022, wanda ya tattara gwaje-gwajen da mara lafiya bai san ko maganin gaske yake sha ko ƙwayar da babu komai a cikinta ba, ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na ciwon tsokar da masu shan maganin suke kuka da shi ba maganin ne ya kawo shi ba. Wannan yana da muhimmanci a gare ka, domin idan ka fara sabon motsa jiki tsokarka za ta yi tsami a kwanakin farko, kada ka ɗora wa ƙwayar laifi ka jefar da ita. Abin da zai sa ka dakata ka je asibiti a ranar shi ne ciwon tsoka mai tsanani da kasala tare da fitsari ya koma baƙi-baƙi, ko idanu su yi ruwan ɗorawa, kuma wannan ba kasafai yake faruwa ba. Mummunar illa ga hanta ma abu ne mai wuyar aukuwa, kuma likitanka zai iya duba ta da gwajin jini. Maganin yana iya ɗan ɗaga sukarin jini, don haka a riƙa auna shi lokaci-lokaci. Duk wanda zai rubuta maka wani magani ka gaya masa kana shan atorvastatin, domin wasu, kamar maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna clarithromycin, ba sa jituwa da shi, kuma ka faɗa wa likitanka duk wani jiƙo ko garin gargajiya da kake sha. Ga mata masu karanta wannan, mai ciki ko mai shayarwa ba ta shan sa sai da umarnin likita.

Atorvastatin yana daɗewa a jiki, saboda haka kowane lokaci na yini aka sha shi yana aiki, matuƙar an tsayar da lokaci ɗaya. A azumi sai ka sha bayan buɗa-baki ko kafin barci. Motsa jikin kuma ka mayar da shi bayan an sha ruwa an huta, kada ka yi shi da la'asar cikin ƙishirwa. Ka sake gwaji bayan wata biyu zuwa uku. Ka lura da ma'aunin da aka rubuta a takardar, domin wasu ɗakunan gwaji suna amfani da mmol/L, inda 170 ɗinka zai fito kusan 4.4, 100 kuma 2.6. Na ga mutanen da suka yi murna cewa lambarsu ta faɗo daga ɗari da wani abu zuwa huɗu, alhali ma'auni ne kawai ya sauya.

Maganar cewa idan aka fara ba a bari, ba don jiki yana kamuwa da shi ba ne. Dalili shi ne maganin yana rage yawan kolestarol da hanta take sarrafawa ne muddin ana shan sa, idan aka daina sai ta koma yadda ta saba cikin 'yan makonni. Don haka idan gwaji na gaba ya yi kyau, wannan shaida ce cewa maganin yana aiki, ba cewa an warke ba. Idan ka rage ƙiba ka gyara abinci sosai, likitanka zai iya rage maka ƙarfin ƙwayar, amma shi zai yanke wannan bayan ya duba shekarunka da hawan jininka da sukarinka da tarihin gidanku.

Ina goyon bayan Malam na Argungu a kan tukunya, da ƙari biyu. Kifin da aka soya a man da aka yi ta maimaita soya da shi ya rasa yawancin fifikonsa, gasasshe ko na miya ya fi. Kanwa kuma tana ɗauke da sinadarin da yake cikin gishiri mai ɗaga jini, don haka mai hawan jini ya rage ta a kunu da miya da wake. Wake da kuɓewa suna da irin harzar da take riƙe wani ɓangare na kolestarol a hanji ta fita da shi, kuma ga wanda ya saba da man shanu da tsire kullum, gyaran abinci yana iya saukar da LDL fiye da abin da yoga za ta yi.

Idan a cikin 'yan'uwanka na jini akwai namijin da ya sami bugun zuciya kafin shekara 55 ko mace kafin 65, ka gaya wa likitanka, domin akwai nau'in hauhawar kolestarol na gado da yake samun kusan mutum ɗaya cikin 250, kuma a irin wannan hali 'ya'yanka ma ya kamata a gwada su. Kuma ko kana motsa jiki ko kana zaune, idan ka ji nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji da yake tafiya zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi, tare da gumi ko ƙarancin numfashi, ko ka ga baki ya karkace ko hannu ya mutu ko magana ta sarƙe, kada a tsaya shafa mai ko jiran gari ya waye, a kai ka babban asibiti mafi kusa nan take.